Tsintar Dariya a Jos: Kundin Aiki

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau dai na fara. Kusan shekara biyu ina cewa zan tattara irin maganganun da ke sa mutanen garin nan dariya, kullum sai in ce bari a yi hutu. Abin da ya zaburar da ni shi ne darasin barkwanci da na yi wa 'yan aji biyar ranar Laraba. Na rubuta musu a allo cewa akwai wasa tsakanin Kanawa da Zage-zagi, da Katsinawa da Nupawa, da Gobirawa da Yarabawa, da Fulani da Barebari. Suka kwafe tsaf. Sai na ce to, wa zai faɗa mini abu guda da Bafulatani ke ce wa Babarbare in sun haɗu? Aji ya yi tsit. Yara sun haura arba'in, a cikinsu har da Fulanin da Barebarin, amma ba wanda ya taɓa ji da kunnensa. Sun san sunan abin, za su ci jarrabawa da shi, abin kansa kuwa ya wuce su. Na dawo gida abin yana cina.

Kayan aikina waya ce da littafi mai kauri da biro. Wuraren da na zaɓa su ne teburin mai shayinmu na Gangare, da kasuwar Farin Gada, da Katako, da majalisar wasu dattawa da ke zama bayan la'asar kusa da babban Masallacin Juma'a, sai kuma cikin keke in Allah ya haɗa ni da direba mai baki. Ɓangaren mata uwargida ta ce in bar mata, tunda ba yadda za a yi in ji abin da ake faɗa a tsakar gidan suna.

Bayan sallar asuba na je wurin mai shayi. Sanyin bana ba sauƙi, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, hannu biyu a jikin kofi. Na yi bayani, na nemi izini, suka ce bismilla. Ina ajiye wayar a kan tebur kowa ya zama limami. Minti arba'in na ɗauka, ba komai a ciki sai tsadar fetur da "Allah ya kyauta". Ina mayar da ita aljihu wani ya leƙa kofinsa ya ce da mai shayi, "Madarar nan leƙowa ta yi ta koma, ko?" Wuri ya kece da dariya. Ke nan sai in nemi izini sau ɗaya, in yi ta zuwa har ido ya saba da wayar.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na samu na farko mai kyau, a wurin mahaucin da muke sayen nama a bakin titin Bauchi. Shi tun makon jiya ya ce in ɗauki duk abin da nake so. Wani alhaji ya tsaya ya ce, "A ba ni wuya na dubu uku." Mahaucin bai ɗago ba, yana ta sara a kan gungumensa. Sai da ya yi sara biyu sannan ya ce, "Alhaji, wuya ai yanzu kyauta ake sha, ba sai ka biya ba." Alhajin da kansa ya fara dariya, har yana dafa teburin.

Da na zo rubutawa da dare sai na ga matsalar da za ta bi ni har ƙarshen aikin nan. A takarda kalmar ɗaya ce. A baki kuwa biyu ce: wuyan da ke ɗauke da kai murya tana farawa sama ta sauko, wuyar da ake sha tana farawa ƙasa ta hau. Alhaji ya faɗi ta farko, mahauci ya yi kamar ta biyu ya ji. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Garin da muke zaune da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, haka kukan yaro da kukar miya, haka farin zane da farin da ke ƙona amfanin gona. Mai karatu da ma'anar jimla yake rarrabewa, shi kuwa mai raha inda jimla ta bar ƙofa biyu a buɗe nan yake farauta. Ƙamusun Bargery na 1934 ya sa alamomin karin sauti da tsawon wasali, na kuma duba yadda ya yi. Shawarar da na yanke ita ce ba zan cika rubutun da alamomi ba. Kalmar da dariyar ta rataya a kanta kaɗai zan yi wa alama, in ninka wasalinta in dogo ne.

Amma ba kalmar kaɗai ta yi aikin ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba wanda ke tsaye a bakin teburin nan da bai san ɗanɗanon wuyar ba, har alhajin da a da kilo-kilo yake saye. Da ana cikin wadata, da maganar ta faɗi ƙasa ba wanda ya tsinta. Sannan ga saran nan biyu. Na saurara sau shida: da ya amsa nan take, da rabin daɗin ya tafi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Farin Gada tun ƙarfe bakwai. Motoci na sauke kabeji da karas da tumatir, 'yan dako na ta "hanya, hanya". Wani dillalin dankali ɗan Unguwar Rogo, wanda muka yi makarantar allo tare, shi ya ba ni benci a rumfarsa. Can sai ga wata dattijuwa 'yar Birom daga wajen Bukuru, wadda ta shekara da shekaru tana kawo masa dankalin turawa. Ga yadda aka yi, kamar yadda wayar ta ɗauka:

"Mama, jiya ina kika shiga? Na neme ki har na gaji."

"Ban zo ba, ɗana. Na yi baki."

"Subhanallahi! Wa kika yi wa?"

Ta tsaya, ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara ɗaurin zanenta.

"Kai zan yi ma, in ba ka kawo kuɗin buhu biyu na ba."

Rumfa uku suka ɗauki dariya. Baƙi ta yi a gida, harshenta ne ba ya furta ƙ. Ya san haka, ta kuma san ya sani. Abin da ya burge ni shi ne ba ta tsaya gyara furucinta ba. Ta karɓi kalmar yadda ya juya ta, ta mayar masa. Kuma ta san inda za ta taɓa: shi ya kira ta Mama, ta san yadda Bahaushe ke tsoron bakin uwa. Wanda zai yi wannan ba Hausar kasuwa kaɗai ya iya ba, ya san cikin Bahaushe. Ya ƙirgo kuɗin nan take yana cewa, "A yafe mini, Mama, kar a ɗaga nono."

Hausar garin nan a bakin ramin kuza ta girma. Tun farkon ƙarnin da ya wuce leburori suka yi ta kwararowa daga Kano da Zariya da Bauchi da Barno, suka haɗu da Birom da Jarawa da Anaguta da Angas a barikokin ma'adinai, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso ya ƙara kawo wasu. Sunan Barikin Ladi ma shaida ne. Hausa ta zama harshen awo da ciniki, ta kuma shiga coci, domin tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa. A irin wannan cakuɗuwa ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ takan faɗi, bambancin namiji da mace ya sassauta, ka ji "matan shi ya zo". Mu kanmu da muka tashi da Hausa a nono, in muka je Kano muka ce "motan" ko "rigan" sai an yi mana dariya, kamar yadda suke yi wa Zage-zagi. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, da Hausar barikin soja ya yi shekaru yana sa Arewa dariya a matsayin Samanja, kuma shi kansa tsohon soja ne, daga cikin abin yake magana.

Na sha jin samari a majalisa suna kwaikwayon Hausar Birom ko ta Angas, babu ko mutum ɗaya daga cikinsu a wurin. Kalmomin iri ɗaya ne da na rumfar dankali, amma wannan ban ɗauka ba, ba kuma zan ɗauka ba. A rumfar dankali wadda ake zolaya tana tsaye, tana da bakin ramawa, kuma ita ta ci.

Da na nemi izininta ta ce in ɗauka, in kuma kai wa 'yan makaranta su ji. Sai ta ƙara da abin da ban tambaya ba. Ta ce kafin rikicin 2001 mijinta a Gangare yake shan shayi kullum, yana da abokan wasa a can da ba ta san adadinsu ba. Tun daga Satumbar nan, sai na Nuwamban 2008, sai na Janairun 2010, unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. Ta ce yanzu jikokinta ba su san Bahaushe ko ɗaya da za su zolaya ba. Na tuna ajina na ranar Laraba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau da yaran layinmu na zauna. Na sa su gasar "Da kwaɗo da ƙato suka tafi ƙoto", ba wanda ya kai ƙarshe sau uku a jere, duk wanda harshensa ya harɗe sai sauran su faɗi ƙasa don dariya. A nan kuskuren shi ne abin nema. Mu muna yara gagara-Gwari muke ce wa irin wannan. A littafina na rubuta karya-harshe, domin sunan farkon kansa tsokana ce ga mutanen da ba sa wurin.

'Yan matan kuma suka yi mini zaurance, irin wanda ake cusa b bayan kowace gaɓa a maimaita wasalin, gida ya koma gibidaba. Wata ta kira ƙawarta, "zo" ya fito "zobo", sai ƙanenta ya miƙo hannu ya ce a sam masa. Ba wanda ya shirya wannan, dokar wasan ce ta haifo shi. Ɗauka ta kai 38, na rubuta 11.

Juma'a, 14 ga Maris

Azumi ya raba goma, 'yan tashe sun fito. A layinmu ƙungiya uku kacal na gani cikin dare huɗu. Lokacin da muke yara ba a ƙirgawa, har Dilimi da Rikkos muke kaiwa. Yanzu iyaye ba sa barin yara su yi nisa da dare, ban kuma ga laifinsu ba. Wani yaro da bai wuce shekara tara ba ya manna gemun auduga, ya cusa matashi a riga, ya riƙo allo da sanda yana tafiyar tsofaffi yana tari. Dattijon da ke ƙofar gidan da suka tsaya irin tarinsa ke nan sak, shi ya fi kowa dariya, ya ba su kuɗi. Wata ɗaya a shekara al'ada ta ba yaro dama ya kwaikwayi babba a gabansa. Ran da ya yi haka a watan Shawwal sai ya sha ranƙwashi.

Bayan tafsiri na tambayi malaminmu matsayin raha, domin wani ya ce mini aikin banza nake yi a wata mai alfarma. Malam ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha amma ba ya faɗar sai gaskiya. Ya kawo hadisin mutumin da ya roƙi abin hawa, aka ce masa za a ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya ce me zan yi da ɗan taguwa? Aka ce masa akwai raƙumin da ba taguwa ce ta haife shi ba? Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito. Na ce Allah gafarta malam, ai wannan irin na mahaucina ne, kalma ɗaya ƙofa biyu. Ya yi murmushi ya ce to, amma in haɗa da aya ta 11 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi. Ya ce, "Malam, ka riƙa duba fuskar wanda ake yi da shi, ba ta masu dariya ba." Na rubuta wannan a bangon littafin daga ciki.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na jima ban rubuta komai a nan ba saboda na yi ɓarna, sai yau na samu natsuwar faɗa.

A majalisar dattawan nan akwai mutum biyu da tun Janairu nake bibiya. Ɗaya Bafulatani ne, kowa Baffa yake ce masa. Ɗayan Babarbare ne mai sayar da huluna. Kullum Baffa ke riga zuwa. Da ya hango abokin nasa sai ya ce, "Ga bawana nan tafe. A share masa ƙasa, tabarma ta 'ya'ya ce." Shi kuma tun kafin ya cire takalmi zai ce, "Wanda ya kwana cikin shanu ne zai koya mini zaman tabarma? Kakana da gutsuren kanwa ya sayi kakanka, har aka ba shi canji." Haka za su yi ta yi, wani lokacin minti goma, sannan su gaisa, su tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne abin da na nema a aji na rasa. Da na samu ɗauka mai kyau farin ciki ya ɗebe ni, na yanko daƙiƙa arba'in na tura wa zauren WhatsApp na malaman Hausa 'yan uwana, mu tara. Sun ba ni izinin ɗauka. Ban nemi izinin turawa ba.

Kwana huɗu aka yi, muryar ta isa wurin ɗan Baffa da ke aiki a Abuja. Ta bi hannu nawa, Allah kaɗai ya sani. An yanke farkon, inda Baffa ya fara, an bar maganar kanwa kawai, wani ya rubuta a ƙasa wai ga yadda ake zagin Fulani a Jos. Wannan kuwa a daidai lokacin da ake ta zaman makoki a Bokkos da Bassa, zukata a sama, kowa na jiran abin da zai kama. Ɗan ya kira mahaifinsa rai a ɓace yana tambayar wane ne wannan, a ina yake.

Na je gidan Baffa bayan magariba, na durƙusa a zaure na faɗi abin da na yi. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Ɗana, ka ɗauki maganar ka kai, mu ka bar mu a nan." Ya ba ni labarin da wata uku ina zama da su ban sani ba. Lokacin da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, rumfar abokin nasa na ciki, ko hula ɗaya bai fitar ba. Baffa ya aika rugar 'yan uwansa aka sayar da sa guda, ya kawo masa kuɗin a ƙunshe ya ce ya sake jari. Ba a rubuta ba, ba a sa rana ba. Ya ce, "Tun ran nan in na ce bawana, sai ya ce sa ɗaya ramamme ba ya sayen Babarbare. Wanda ya ji a waya ya san da san nan?"

Ban samu abin cewa ba. Magana zarar bunu ce, na sha koyar da wannan a aji, ga shi na zara da hannuna. Washegari muka je wurin mai hulunan tare, domin shi aka fi cuta, muryarsa ce ke yawo a matsayin mai zagi. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya yafe. Amma ya ce in kashe wayar, kuma tun daga ranar ban sake kunna ta a majalisar ba.

Dokokin da na sa wa aikin daga yau: ba muryar da za ta sake fita daga wayata zuwa ta wani. Duk abin da zan rubuta, a samansa sai na faɗi su wane ne masu maganar a wurin juna, shekara nawa suka yi tare, wa ya fara, wa ke zaune. In ban san waɗannan ba, ɗaukar ba ta cika ba, ko da kowace kalma ta fito rangaɗau.

Asabar, 3 ga Mayu

Na koma majalisar hannu rabbana, na zauna a gefe. Kwana biyu na farko gaisuwa kawai suka yi, abin ya dame ni ƙwarai. Yau mai huluna ya iso a makare, Baffa ya ce, "Bawan da ke zuwa bayan ubangidansa, ai sai a rage masa tuwo." Na ji kamar an sauke mini dutse.

A nan wani ya kawo zancen Fulani da Tibi, da labarin shanun da aka ba amana aka dawo aka tarar "mun ci". Su biyun in sun haɗu suna wasa da shi. Amma wani Batibi da muke koyarwa tare ya taɓa ce mini in wanda ba Bafulatani ba ya kira shi Munci, zagi ne, ba ya ɗauka. Na sa wannan a shafi ɗaya da labarin kanwa.

Asabar, 31 ga Mayu

Uwargida ta miƙo nata, ɗauka 23, yawanci daga gidajen suna da biki a Rikkos da Ali Kazaure, duk da sanin masu gidan. Mun zauna dare uku muna saurara tana yi mini fassara, domin rabin abin ba a cikin kalmomin yake ba. Wata ta ce, kamar da iska take, "Wasu dai jakar da suka zo da ita ta fi gudummawarsu girma." Daga can ƙurya wata ta amsa, "Ko a jikina." Ba ta ƙarasa ba, wata ta uku ce ta ce, "an tsikari kakkausa," sannan aka yi dariya. Uwargida ta ce in lura, dariyar habaici ta hanci ce, gajera, ba a buɗe baki. Da na sake saurara na ji haka ne. Waɗannan ba zan sa su a abin da zan kai aji ba, domin duk wadda ta halarci sunan za ta gane da wa ake.

Ƙarasawar nan ta ja hankalina. Karin magana mai ɓari biyu ba kasafai mutum ɗaya ke faɗar sa duka ba. Wani ya ce "abin nema ya samu", wani ya cafe, "matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo". Wani ya ce "sabon salo", a amsa masa da "kiran salla da usur". Ɓarin farko magana ce ta kowa da kowa, na biyu ke kifar da ita. "Ban sa a ka ba" rashin damuwa ne har sai an ce "in ji ɓarawon hula", sai kan ya koma kai na gaske mai ɗaukar hula. Kowa ya san ƙarshen, amma ana dariya, ina jin don daɗin an tarar da juna a wuri ɗaya ne.

Na fara ware abin da na tara: zolaya daban, ba'a daban, habaici, gatse, baƙar magana, shaguɓe. Gatsen uwa ga ɗanta, "ci gaba da wasa da wuƙar, ka ji?", ba ya ba yaron dariya, maƙwabciya yake ba.

Mafi daɗi a cikin na uwargida a gidanmu ta ɗauka. Hajiyarmu ta ce da ɗana mai shekara bakwai, "Maigida, yau ba kuɗin cefane?" Ya ce, "Ai na sake ki tun jiya, miyarki ba gishiri." Ta ce, "Saki ba takarda? Je ka koyi rubutu tukuna." Yaron nan ko da wasa ba zai ce da mahaifiyarsa haka ba. Ni kuma, da nake ɗan fari, Hajiya ko sunana ba ta kamawa har yau. Kunyar da ke tsakanina da ita, a kan jikanta ake fanshe ta.

Lahadi, 6 ga Yuli

Kwanakin cika-ciki. Tun da safe taubashiyata, ɗiyar gwaggona, ta kira daga Bauchi tana neman kuɗin shara. A gidanmu 'ya'yan maza ke bayarwa, 'ya'yan mata su karɓa. Na ce mata bana ba hali. Ta ce, "Ubangidan da ba ya iya ciyar da bawa ai shi ya kamata a kai kasuwa." Kafin in ajiye waya lambar asusunta ta shigo. A da sai ta zo da tsintsiya har ƙofar ɗaki ta yi kamar tana shara, a yi ta ja-in-ja a gaban kowa. Yanzu an tura, an ga shigar kuɗi, an gama, yara ba su ga komai ba. Na sa a lasifika da gangan don nawa su ji, suka yi ta tambaya me ya sa take ce mini haka ban yi fushi ba. Na yi musu bayanin ɗan mace da ɗan namiji. Babbar ta ce to ita ma tana bin 'ya'yan kawunta bashin shekara goma sha ɗaya.

A Nijar hukuma ta ɗauki wasan nan da muhimmanci, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014 da sunan ƙasar. Mu da muke da abu iri ɗaya a nan, kuma muke zaune a garin da ya fi ko'ina bukatarsa, a allo kawai muke rubuta shi.

Asabar, 2 ga Agusta

Kafin a yi hutu na gwada abu ɗaya a aji. Ban kunna murya ba. Na rubuta hirar rumfar dankali a allo, wadda Mama ta ba ni izini, na sa yara biyu suka karanta. Karatun farko ba wanda ya ko murmusa. Sai na ba su labarin su wane ne, shekarun da suka yi suna ciniki, da yadda ta tsaya ta gyara zane kafin ta amsa. Na ce wa yarinyar da ke yin Mama ta ƙirga uku a zuci. Karo na biyu aji ya fashe. Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce kakarsa ma tana da irin wannan da mai kawo musu gawayi. Na ba kowa aikin hutu: ya samo guda ɗaya daga gidansu, ya rubuto da bayanin su wane ne, kada ya ɗauki muryar kowa.

Inda aka tsaya: ɗauka 141, na rubuta 64, waɗanda bayanin masu maganarsu ya cika 40 ne. Katako har yanzu ban yi mata komai ba, direbobin keke biyu kacal na samu. Shirun da ke gaban amsa ɗigo uku nake sa masa, amma ɗigo uku ba ya bambanta saran mahauci da gyaran zanen Mama, sai na sake tunani a kai.

Shekaranjiya na je Farin Gada in gaya mata yadda aka yi a aji. Ta ce a watan gobe za ta aurar da jikarta, in zo Bukuru in ji irin nasu wasan, su ma suna da shi tsakanin dangi. Ta ce in taho da dillalin, in kuma gaya masa kada ya zo hannu biyu. Rabona da shiga unguwarsu tun ina saurayi. Na ce mata in sha Allahu, na rubuta ranar.